Yadda Ake Gane Cutar Bairos a Jikin Furen Okid da Yadda Ake Gwada Ta

Da wuƙa ɗaya na yi wa kaina ɓarnar. Wata Asabar ce a farkon damina, na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na zazzage okid guda shida daga tukwanensu, na shiga rarraba su da 'yar wuƙar aljihuna. In na gama da wannan sai in goge bakin wuƙar a jikin wando in kama waccan. A cikinsu akwai wata Cattleya da na saya a hannun wani mai sayar da furanni a bakin titi, ganyenta da 'yan zane-zanen rawaya da na ɗauka yunwar taki ce. Da shekara ta zagayo, uku daga cikin sauran suka buɗe fure dabbare-dabbare, kamar atamfar da ta zuba a wanki. Sai a lokacin na gane abin da hannuna ya aikata: da wuƙar na yaɗa musu bairos, wato ƙwayar cutar da ke jikin Cattleya ɗin.

Okid shuka ce mai tsada da jinkirin girma. Wanda ya taɓa renonta ya san ana iya shekara uku ko huɗu ana lallaɓa tushe ɗaya kafin ya saka maka da fure. Shi ya sa maganar bairos ke tayar wa masu renonta hankali: ba ya jin feshi, ba ya jin taki, kuma in ya shiga jikin shuka ya shiga ke nan. An gano bairos iri-iri fiye da 30 a jikin okid, amma biyu ne suka addabi duniya. Na farko shi ne wanda masana ke taƙaita sunansa da CymMV, na biyu kuma ORSV, ɗan'uwan bairos ɗin nan mai sa wa ganyen taba dabbare. Dukansu biyun a Kalifoniya ta Amurka aka fara bayyana su, a farkon shekarun 1950, a aikin wani masani D. D. Jensen da abokin aikinsa. Ka riƙe waɗannan haruffa, domin su za ka gani a rubuce a jikin tsinken gwaji da zan yi bayaninsa a gaba.

Abin da ya kamata ka sani tun yanzu shi ne waɗannan biyun ba iska ke kawo su ba, kuma ba darɓa ke yawo da su kamar yadda take yi da cutar gyaɗa ba. Ruwan jikin shuka mai cutar ne ke shiga raunin wata shukar. Wuƙa, almakashi, farce, tsohuwar tukunya, ruwan da ya ɗiga daga tukunyar sama zuwa ta ƙasa. Wato dai mai lambun ne babban ɗan aikensu.

Mataki na 1: Ware ta kafin komai

Da zarar zuciyarka ta yi kokwanto a kan wata shuka, ɗauke ta daga cikin 'yan'uwanta. Ka sa ta inda ganyenta ba zai gogi na kowa ba, kuma inda ruwan da ya tsiyaye daga gindinta ba zai bi ta kan wata ba. Idan rataye su kake yi, ita ce za ta koma can ƙasa. Kada ka yanke mata komai tukuna. Ka ɗaura mata wani ƙyalle mai launi don 'yan gida su san ba a taɓa ta, sannan ka wanke hannunka da sabulu.

Mataki na 2: Duba ganyen da kyau

Da safe ake wannan aikin, a haske mai kyau amma ba cikin tsakiyar rana ba. Ka ɗaga ganyen tsakaninka da hasken, ka duba samansa, ka juya ka duba bayansa. Ga abin da kake nema. Dabbare na kore mai duhu da kore mai haske a cakuɗe, ba tare da iyaka mai kaifi ba. Zane-zanen rawaya masu bin tsawon jijiyar ganye, kamar an ja su da tsinke. Zobe, wani lokaci zobe cikin zobe, ko siffa mai kusurwa huɗu irin ta lu'ulu'un katin karta. Da kuma ɗige-ɗige baƙaƙe ko ruwan ƙasa da suka lotsa ciki, waɗanda in ka shafa da yatsa za ka ji rami-rami, galibi sun fi yawa a bayan tsofaffin ganyaye.

Tabon kansa bai kai tsarinsa muhimmanci ba. Ka tambayi kanka: ganye ɗaya ne ko da yawa? Sabon tohon da ya fito bana, shi ma ya fito da alamar? Bairos yana cikin jikin shuka gaba ɗaya, don haka yakan bi ta daga toho zuwa toho, shekara bayan shekara. Haɗarin rana ɗaya kuwa a ganyen da ya same shi yake tsayawa. Ni nakan ɗauki hoto da waya in ajiye, bayan wata biyu in sake ɗauka a kusurwa ɗaya. Ƙwaƙwalwa tana yi wa mutum ƙarya a kan tabo, hoto ba ya yi.

Ka kuma lura da ƙarfin shukar. Idan kowane sabon toho ya fi na bara ƙanƙanta, furen yana raguwa, alhali saiwa lafiya take kuma ba ka canza mata komai ba, wannan ma abin sa ido ne.

Mataki na 3: Kama da wane ba ta wane ba

A nan mafi yawan mutane ke yin asara, su ƙone shuka mai lafiya don tsoro. Abubuwan da ke kwaikwayon bairos suna da yawa, kuma yanayinmu yana haifar da kusan dukkansu.

Ƙunar rana ita ce ta gaba, musamman a watan Maris da Afrilu. Babban tabo ne guda, fari ko baƙi, a daidai wurin da ganyen ya lanƙwasa ya fuskanci rana, kuma ba ya yaɗuwa. Sai ɓarnar sanyi. Wanda ke reno a wuri kamar Jos ko Mambila, ya ɗebo ruwan da ya kwana a waje cikin hunturu ya zuba a kan ganyen okid nau'in Phalaenopsis, bayan 'yan makonni zai ga zane-zanen rawaya da suka lotsa, daga baya su bushe su yi duhu. Wannan ya yi kama da bairos ƙwarai da gaske, har gwanaye yana ruɗa su. Bambancin shi ne ganyen da ya fito bayan sanyin ya wuce yakan fito sumul.

Cututtukan funfuna suna yin tabo mai zagaye da rawaya a gefensa, suna ƙaruwa da damina, wani lokaci in ka duba da gilashin ƙara girma ka ga 'yan ƙananan baƙaƙen ɗigo a tsakiyarsa. A jikin okid nau'in Vanda akwai wata funfuna da ke yin tabo mai kusurwa huɗu, mai kaushi kamar takardar gurza katako. Bakteriya kuma tabonta jiƙaƙƙe ne, mai laushi, yana gudu cikin kwana biyu ko uku, wani sa'in har da wari. Bairos ba ya wari, ba ya gaggawa.

Akwai kuma wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo da ke son busasshiyar iskar rani. Suna mayar da bayan ganye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ka goga farin ƙyalle a wurin. In ka ga ja-ja ko ruwan ƙasa a jikin ƙyallen, su ne. Ƙarancin taki yakan sa rawaya iri ɗaya a ɓangarorin ganye biyu, ba hargitsattse ba. A ƙarshe, wasu okid ɗin haka Allah ya halicce su: Paphiopedilum da yawa da Phalaenopsis schilleriana ganyensu mai dabbare ne tun asali, Oncidium ɗin nan mai ƙamshin cakulan kuma da wuya ka gan shi ba ɗige-ɗige a ganye.

Mataki na 4: Jira fure in ya kusa

Fure ya fi ganye faɗin gaskiya. A jikin Cattleya mai launin shanshanbale, ORSV yakan tarwatsa launin, ka ga zane mai duhu a nan, fari-fari a can, ba tsari, kuma ɓangaren dama bai dace da na hagu ba. Adon da shuka ta gada yakan zo daidai a kowane ɓangare kamar zanen lalle a tafin hannu biyu. Farar Cattleya mai ɗauke da CymMV kuwa takan buɗe tas, sai bayan mako ɗaya ko biyu zane-zanen ruwan ƙasa su bayyana a jikin furen. Amma ka duba cikin furen tukuna, don akwai wasu siraran ƙwari masu ɓuya a ciki da ke kankare launi su bar fari-fari a gefe.

To, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Iyakar aikinsa ke nan: ya nuna maka wadda za ka gwada. Akwai shukar da ke cike da bairos amma ko ɗigo babu a jikinta, Phalaenopsis ta ƙware a wannan. Wani bincike da aka yi a Hawai a farkon shekarun 1990 ya sami CymMV a kusan rabin okid ɗin da aka yawaita ta hanyar ciro ɗan tsokar shuka a rene shi cikin kwalba, yayin da ƙananan da aka tsiro daga iri suka fito kusan duk lafiya.

Mataki na 5: Gwaji da tsinke

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro a shagon magani ya riga ya san yadda wannan yake. Tsinke ne na takarda mai fitar da layi. Kamfanin Agdia da ke jihar Indiyana a Amurka yana yin wanda ake kira ImmunoStrip, kamfanin Rega na Taiwan kuma yana yin Agitest. Kowanne yana gwada CymMV da ORSV a tsinke ɗaya. Odarsu ake yi ta intanet ko a ba wa mai dawowa daga tafiya saƙo, kuma da yake a fakiti suke zuwa, ya fi sauƙi ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku raba.

Ajiyarsu ita ce matsalarmu. Sanyin firji suke so, ba wurin ƙanƙara ba, kuma laima tana kashe su. Ka bar su cikin robarsu a rufe ruf. Idan wutarku ba ta zama, ka shirya duk shukokin da za ka gwada kafin kayan su iso, ka yi aikin cikin 'yan kwanaki. Zan bi tsarin Agdia a nan, amma takardar da ke cikin fakitinka ita ce gaba da maganata.

Ka tanadi sabuwar reza ɗaya ga kowace shuka, safar hannu ta roba, tsohuwar jarida, alƙalami, da agogo. Ka fito da tsinken da 'yar jakar ruwan gwajin da ke zuwa tare da shi su huce su daidaita da zafin ɗaki kafin ka fara. Sannan:

Shimfiɗa jarida, ka rubuta sunan shukar a jikin jakar. Kada ka ce za ka tuna. Jaka biyar in sun jeru duk kamarsu ɗaya.

Yanki ganye inda alamar take, amma wurin da ke da sauran rai, kore ko rawaya. Busasshen baƙin wuri ba shi da amfani. Idan shukar ba ta da alama, ɗauki daga ganyen da ya gama girma, ko ka haɗa da ɗan guntun lafiyayyar saiwa. Nauyin da ake so kamar giram 0.15 ne, wato ga ganye mara kauri kimanin santimita biyu da rabi kowane gefe. Ganyen Cattleya ko Vanda mai kauri ne, don haka ƙasa da haka ya isa. Kuskuren da na fara yi ke nan: na cusa babban yanki ina ganin yawa ne zai fito da gaskiya, ruwan ya yi kauri kamar miyar kuɓewa, ya ƙi hawa tsinken, na yi asararsa.

Yanke bakin jakar a hankali don kada ruwan ya zube, ka tura yankin ganyen tsakanin ragar da ke ciki. Ɗora jakar a kan teburi ka murza ta waje da gindin alƙalami ko bayan cokali har ganyen ya dagargaje, ruwan ya koma kore-kore. Bar shi ya kwanta na 'yan mintuna.

Riƙe tsinken ta samansa, ka tsoma ƙarshen da aka yi wa alama a gefen jakar inda babu raga kuma babu kumfa. Kimanin rabin santimita kawai zai nutse, kada ruwan ya haura layin da aka zana. Jingine jakar a tsaye, ka duba agogo. Shukar da cutar ta yi wa yawa takan nuna layi cikin 'yan mintuna, amma kada ka yanke hukuncin cewa babu sai minti 30 sun cika.

Kafin ka taɓa shuka ta gaba, naɗe jaridar da rezar a ciki, ka canza safa. Bakin yankan da ka yi wa ganyen kuma ka barbaɗa masa garin kirfa ya bushe.

Mataki na 6: Karanta sakamakon

Layin can sama shi ne shaidar cewa tsinken ya yi aiki. In bai fito ba, gwajin ya ɓaci, ko da wasu layukan sun bayyana. Sai a sake. In shi kaɗai ya fito, ba a ga bairos ɗin biyu ba. In wani layi ja ko shanshanbale ya fito a ƙasansa, akwai cuta, kuma zanen da ke takardar fakitin zai nuna maka wanne ne CymMV wanne ne ORSV. Layuka uku na nufin ta haɗa duka biyun, irin waɗannan ne kuma suka fi muni a ido. Layi mai dishi-dishi ma layi ne muddin launinsa ja ne. Kore ko toka-toka kuwa dattin ganye ne, sai ka sake da ƙaramin yanki.

Sakamakon "babu" ba takardar sallama ba ce. Bairos ɗin da bai daɗe da shiga ba bai gama zagaya jiki ba, ORSV musamman yana iya ɗaukar watanni. Saboda haka shukar da ka san wuƙa mai cuta ta taɓa ta, ka sake gwada ta bayan wata shida. Haka kuma tsinken bairos biyu kawai ya sani. Akwai na uku, OFV, wanda aka fara bayyanawa a Japan a 1969, mai yin ɗige-ɗigen rawaya ko baƙi da zobba, kuma shi wasu ƙwari ne 'yan mitsi-mitsi da ake kira Brevipalpus ke yaɗa shi. Tsinke ba ya ganin sa. Idan alama ta yi ƙarfi, tsinke ya ce babu har sau biyu, sai ɗakin bincike, inda ake gwaje-gwajen ƙwararru da ake kira ELISA ko PCR ko a duba da madubin lantarki. A Najeriya kana iya tuntuɓar sashen kare amfanin gona na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko cibiyoyin binciken noma na IITA da NIHORT a Ibadan, ka ji ko za su karɓi samfurinka kafin ka aika.

Idan tsinke bai samu ba: gwajin rai-ɗore

Wannan ya ba ni dariya ranar da na fara saninsa. Kafin a ƙirƙiro tsinke, da wata shuka masana ke gwada CymMV, mai suna Cassia occidentalis. Da na ga hotonta sai na ce, ashe rai-ɗore ce, wadda ke tsirowa a kan kowace bola a bayan gari, wasu na ce mata sanga-sanga. Abin da muke tattakewa shi wasu ke saye a ƙunshi.

Ɗebi busasshen irinta, ka ɗan kankare ɓawon kowane ƙwaro saboda taurinsa, ka shuka a gwangwanaye. Idan ganyayen nan biyu na farko masu faɗi sun gama buɗewa, lokaci ya yi. Dandaƙa yankin ganyen okid cikin 'yar leda da ɗigon ruwa mai tsabta. Barbaɗa wa ganyen rai-ɗoren gari mai laushi ƙwarai da zai yi masa 'yan raunukan da ido ba ya gani. Masana da garin kabarandam suke yi, wanda da shi ake yin baƙin dutsen wasa wuƙa na kanti, ni ma daga jikin irin wannan dutsen nake kankarowa. Tsoma auduga a ruwan ganyen ka shafa a hankali sau biyu ko uku, sannan ka ɗauraye da ruwa. A wani gwangwanin daban ka yi komai iri ɗaya amma da ruwa zalla, don ka iya bambance tabon cuta da tabon murza. Ajiye su a inuwa mai haske. In akwai CymMV, cikin kwana huɗu zuwa shida ƙananan ɗige-ɗige masu duhu za su feso a ganyen da ka shafa.

In sun fito, ka gaskata su. In ba su fito ba, kada ka saki jiki, domin zafi mai yawa ko shafa mara kyau na iya hana su. Kuma ORSV da wasu shukokin daban ake kama shi, irin su Gomphrena da wasu nau'o'in taba.

Mataki na 7: Hukunci da tsabtar kayan aiki

Wadda ta kamu, shawarata ka ƙone ta, har da gawayi da ɓawon kwakwar da ke tukunyarta. Kada ka jefa ta ramin taki, don ORSV yana daɗewa da ransa a busasshen ganye. Kada kuma ka ba wani kyauta ko ka sayar, wannan cin amana ne. Hanyar raba shuka da bairos ɗaya ce, a ɗakin bincike: a ciro ɗan mitsitsin kan toho a rene shi cikin kwalba. Georges Morel na Faransa ya yi haka da okid nau'in Cymbidium a 1960, daga nan ne ma sana'ar yawaita okid ta kwalba ta samo asali, amma ba aikin gida ba ne kuma ba kullum yake cin nasara ba. Idan shukar tana da wani matsayi a wurinka har ba za ka iya rabuwa da ita ba, to ta zauna can nesa ita kaɗai, da kayan aikinta daban, kuma ita ce ta ƙarshe da za ka taɓa kowace rana.

Ga kayan aiki, sifirit ɗin da ake goge wurin allura ba ya kashe waɗannan biyun, kada ka dogara da shi. Reza sabuwa ga kowace shuka ita ce mafi sauƙi. Almakashi kuwa ka goge dattinsa, ka ɗora bakinsa a harshen wutar gas, kowane gefe, har ya yi zafi sosai, ba wucewa ɗaya ta kan ashana ba. Ko ka jiƙa shi minti goma a ruwan bilic irin su Hypo ko Jik. Duba kwalbar: in ƙarfinsa kashi 3.5 ne cikin 100, to awo ɗaya na bilic a awo shida na ruwa shi ne mafi ƙarancin haɗi, ni nakan yi ɗaya a huɗu. Haɗa sabo kullum, ka ɗauraye ƙarfen ka shafa masa mai, in ba haka ba tsatsa za ta cinye shi. Tukunyar roba a kankare duk saiwar da ta manne, a jiƙa ta a ruwan bilic ɗin ta kwana. Ta ƙasa kuma a gasa ta awa biyu a zafin digiri 200 na ma'aunin Salshiyos, ko a fasa ta a huta.

Sabuwar shuka, ko daga Tailan aka kawo ta ko daga gidan aminin ka, ta yi wata biyu a gefe, a gwada ta, kafin ta shiga cikin sauran. Yanke kan fure ma yanka ne, shi ma da sabuwar reza.